Neman kalmar Hausa: me za mu kira bobsleigh da skeleton, kuma kofi ake ci ko kambu?

1/
Jama'a, assalamu alaikum. Neman kalmarmu na yau ya kai mu ƙasashen sanyi. Akwai wasanni biyu da ake yi a kan ƙanƙara, Turawa na kiran ɗaya bobsleigh, ɗayan skeleton. Duk sanda gasar Olamfik ta hunturu ta zagayo, sai a dunƙule su da sauran wasanni a labaranmu, a ce "wasan zamiya a kan ƙanƙara", a wuce. Zamiya kam zamiya ce. Amma mai tsere a tsaye da takalmi mai kaifin ƙarfe zamiya yake yi, mai gangarowa daga kan dutse riƙe da sanduna biyu shi ma zamiya yake yi. Mai sauraro sai ya rasa wanne aka ci, wa kuma ya ci. Bayan sunayen wasannin akwai ta uku, wadda ta fi damuna: kalmar da za mu kira gasar nahiya da ita a wannan fanni.

2/
Na san wani zai ce ina ruwan Bahaushe da wasan da ko filinsa babu a Afirka gaba ɗaya. Ruwanmu ya shigo tun 2018. A Olamfik ɗin PyeongChang ta Koriya ta Kudu, 'yan Najeriya uku, Seun Adigun da Ngozi Onwumere da Akuoma Omeoga, suka zama tawagar farko daga Afirka da ta shiga bobsleigh a Olamfik. A gasar nan dai Simidele Adeagbo ta wakilci Najeriya a skeleton, Akwasi Frimpong ya wakilci Ghana. An ba da labarinsu da Hausa, an yi murna, amma da za ka tare mutum goma cikin waɗanda suka ji labarin ka ce su kwatanta maka abin da matan nan suka hau, da wuya a sami amsa ɗaya. Laifin ba na mai sauraro ba ne, ba mu ba shi kalmar da zai riƙa ba.

3/
Kafin mu raɗa suna, mu ga jaririn.

Bobsleigh abin hawa ne dogo mai tsinin hanci, gabansa a rufe, bayansa a buɗe, yana zaune a kan ƙarafa huɗu masu santsi, biyu gaba biyu baya. Ba taya, ba inji. A bakin gangare mutum huɗu ko biyu za su tsaya a gefensa da bayansa, takalmansu da ƙananan ƙusoshi don su kama ƙanƙara. Su yi kirari a tsakaninsu, su tunkuɗa shi da gudu kamar mita 50. Na gaba ya fara faɗawa ciki, na biyu ya bi, na uku ya bi, na baya shi ne ƙarshe, kowa ya cusa ƙafafunsa gefen na gabansa, su naɗe hannayen turin ciki. Daga nan uku su dunƙule kai ƙasa, ba sa ganin komai har a ƙare. Na gaba kaɗai ke kallon hanya, hannunsa riƙe da zobba biyu da aka ɗaure da igiya zuwa ƙarafan gaba. Ya ja na dama kaɗan, ya saki, ya ja na hagu. Gudun kan wuce kilomita 130 a awa ɗaya, kuma cikin kamar minti ɗaya an gama. Na baya ba ya taɓa birki sai an tsallake layin ƙarshe.

Da kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa ake raba gardama. A Olamfik ta 1998 a Nagano ta Japan, Italiya da Kanada suka yi kunnen doki a na mutum biyu bayan gangara huɗu, aka ba kowa zinare. A 2018 aka sake yin haka tsakanin Jamus da Kanada.

4/
Sunan Turancin ba shi da wani sirri da za mu ji tsoron rasawa. A ƙarshen ƙarni na 19 ne baƙi 'yan Ingila da ke zuwa hutun hunturu a St. Moritz ta ƙasar Suwizalan suka fara haɗa katakan zamiya biyu suna gangara da su a titunan gari. Don ƙara gudu sai su riƙa rausaya jiki gaba da baya, wannan rausayar ce suke kira bob. An kafa ƙungiyar wasan ta farko a garin a 1897. Yau ba mai rausayawa, duk wanda ya motsa ma ɓata gudu yake yi. Ke nan ko masu sunan sun bar ma'anarsa a baya, babu dalilin da za mu je mu tono ta mu fassara.

5/
Shawarwarin da suka fara zuwa, da abin da na gani game da kowace:

Wani ɗan'uwa ya ce a hausantar da shi kawai, a ce bobsile, kamar yadda muka yi da kwamfuta da intanet. Ɗan'uwa, aro ba laifi ba ne, amma kwamfuta ta zauna a bakinmu ne don mun gan ta, mun taɓa ta, sunan ya manne da abin. Wannan kuwa yawancinmu a allo kawai za mu gan shi, wasu ma a rediyo za su ji. Kalmar da ba ta zana wa mai sauraro komai ba, sai an bi ta da bayani kullum, bayanin ne kuma zai zama sunan.

An kawo "amalanken ƙanƙara", an kawo "kurar ƙanƙara", saboda turin da ake yi a farko. Turin na daƙiƙa biyar ne zuwa shida, sauran tafiyar duk tuƙi ce. Kuma amalanke na kaya ne, mai turinsa a ƙasa yake daga farko har ƙarshe. Kura kuwa, rabin masu ji dabba za su ɗauka.

"Keken ƙanƙara" ya fi waɗannan daɗin faɗa. Sai dai ku duba duk abin da Hausa ta kira keke: keken hawa, keken ɗinki, keken guragu, keken shanu. Kowanne akwai abin da ke juyawa a jikinsa. Wannan ba shi da ko ɗaya.

6/
Ni a ganina sunansa jirgin ƙanƙara.

Dalilina yana cikin tarihin kalmar jirgi kanta. Tun kafin inji, jirgi shi ne kwalekwalen da aka fafe daga gungumen itace, masu fito suna ƙetarar da mutane da shi. Da layin dogo ya iso, kakanninmu ba su aro sunan Bature ba, suka ce jirgin ƙasa. Da na sama ya zo suka ce jirgin sama, na asalin ya koma jirgin ruwa. Tsarin a fili yake: jirgi, sai abin da yake tafiya a kai. Wannan abin hawa ne dogo mai rami, ana shiga cikinsa a jere, yana da matuƙi, yana sulalewa a kan ƙanƙara. Bai nemi mu ƙago komai ba, gurbinsa na nan a harshen yana jira.

Wata yayata da ke koyar da Hausa ta ce "kwalekwalen ƙanƙara" ya fi kama siffarsa. Yaya, gaskiyarki a siffa. Amma ki gwada shi a bakin mai karanta labarai: "tseren kwalekwalen ƙanƙara na mutum huɗu". Numfashi ya ƙare kafin a kai ga wanda ya ci. Kuma kwalekwale na kawo filafili a zuciyar mai ji, jirgi bai ɗaure mu da wannan ba.

Akwai mai tsoron a rikita shi da babban jirgin ruwan nan da ke fasa ƙanƙara a tekunan arewa. Wancan jirgin ruwa ne, kuma da aikinsa ake kiransa, mai fasa ƙanƙara. Ba a filin wasa za su haɗu ba.

7/
Idan jirgi ya zauna, sauran suna biyo shi da kansu. Na gaba matuƙi. Na baya ɗan birki. Na tsakiya 'yan turi. Jirgin mutum huɗu, wanda da shi aka fara a Olamfik ta 1924 a Chamonix ta Faransa. Jirgin mutum biyu, da ya shiga a 1932. Jirgin mata, 2002. Na mace ɗaya da aka shigar a Beijin a 2022, inda ita ce mai turi, ita ce matuƙiya, ita ce mai birki, sai mu ce jirgin tilo.

Zobban nan da igiyarsu kuma kada a ce sitiyari, ba a murza su. Linzami ne. Ja ake yi a saki, kuma matuƙin da ya cika ja shi ke shan kaye.

8/
Skeleton fa? Nan ne nake roƙon masu fassara da babbar murya: kada a ce ƙwarangwal. Na ga an rubuta "wasan ƙwarangwal", kuma wanda ya rubuta bai yi ƙarya ga ƙamus ba, amma ya ɓatar da mai karatu. A kunnen Bahaushe ƙwarangwal na maƙabarta ne da ɗakin karatun likitoci. Su kansu masu wasan ƙauli biyu suke da shi a kan sunan: wasu sun ce daga siffar abin hawan ƙarfe na farko ne, da ya fito tsirara ba rufi, wasu sun ce gurɓata wata kalmar Norwe ce mai nufin katakon zamiya. Ko wanne ne, suna ne na abin hawa a wani zamani, ba bayanin wasan ba.

Ga yadda ake yinsa. Mutum ɗaya ne. Abin hawan faffaɗa ne, bai kai tsawon mutum ba, ƙarafa biyu a ƙasansa. Ɗan wasa ya sunkuya ya riƙe shi da hannu ɗaya yana gudu a gefensa, sai ya yi tsalle ya faɗa kansa da ciki, kai a gaba, hannaye manne da cinya, haɓarsa ba ta fi 'yan yatsu tsakaninta da ƙanƙara ba. Ba birki, ba linzami. Da kafaɗa yake danna gefe ɗaya, da gwiwa ya danna ɗayan, wani lokaci ya taɓa ƙasa da yatsan ƙafa. A cikin manyan kwanoni nauyin jikinsa kan ninka har sau huɗu ko biyar, wuya ya kasa ɗaukar kai, ka ji hular kwanonsa tana gogar ƙanƙara.

9/
Wanda ya ga wannan sau ɗaya, da kansa zai faɗi sunan: rub-da-ciki. Zamiyar rub-da-ciki a cike, rub-da-ciki a taƙaice. Masu cewa ruf-da-ciki su ci gaba da faɗin nasu, abu ɗaya ne.

Abin da ya ƙara tabbatar min da ita shi ne ta warware mana wasa na uku kyauta. Akwai wanda ake kira luge, a hanya ɗaya ake yinsu, amma shi a kwance ake da baya, ƙafafu a gaba, hukumarsa ma daban. Turawa da yawa suna rikita biyun nan domin sunayensu ba su faɗi bambancin ba. Mu kuwa muna da rigingine. Zamiyar rigingine, zamiyar rub-da-ciki. Yaro ɗan firamare ya ji ya san wanne ne wanne.

10/
Yanzu ga inda gizo ke saƙa: gasar nahiya.

An kafa hukumar wasan ta duniya a 1923 a Faris, wadda tun 2015 ake kira IBSF. Gasar duniya ta fara a 1930. Ta nahiyar Turai kuwa tun 1965 ake yin ta a kai a kai, kuma tarihinta kusan tarihin ƙasashe kaɗan ne da ke kewaye da tsaunukan Alps. Da fari Italiya da Suwizalan da Ostiriya da Jamus ta Yamma, har da Romaniya, ke karɓa-karɓa, zamanin su Eugenio Monti na Italiya, mutumin da a Olamfik ta 1964 ya ciro ƙusa daga jirginsa ya ba 'yan Birtaniya da tasu ta karye, suka ci zinare shi ya tashi da tagulla. A ƙarshen shekarun 1960 aka gina hanya ta farko da inji ke daskarar da ita a Königssee ta Jamus, wasan ya daina jiran ikon sanyi, aka sami damar atisaye wata da watanni. Sai Jamus ta Gabas ta shigo da kuɗin gwamnati da injiniyoyi da 'yan tsere da ta ɗebo daga wasannin guje-guje: Meinhard Nehmer ya kwashe zinare biyu a 1976, Wolfgang Hoppe ya maimaita a 1984. Har gobe Jamus ce ke da hanyoyi huɗu, Königssee da Oberhof da Winterberg da Altenberg, duk da ambaliyar 2021 ta lalata ta Königssee, kuma daga Jamus ɗin Francesco Friedrich ya fito, wanda ya ci zinare biyu a 2018, ya sake cin biyu a 2022.

Rub-da-ciki ta sha wuya kafin ta zauna. Sau biyu kacal ta shiga Olamfik a ƙarni na 20, a 1928 da 1948, duka a St. Moritz. An yi mata gasar Turai a shekarun 1980, ta tsaya, sai da wasan ya koma Olamfik a 2002 ta farfaɗo, wannan karon har da mata. Daga baya Martins Dukurs na Latbiya ya mamaye ta, ya ci ta fiye da sau goma, ga na duniya sau shida, amma zinaren Olamfik bai taɓa shiga hannunsa ba, azurfa biyu ya samu a 2010 da 2014. Abin na taɓa ni duk sanda na tuna.

11/
Abin lura a nan shi ne yadda ake yin gasar Turai a zamanin nan. Ba a ware mata tsere nata daban. Ana zaɓar zango ɗaya cikin zangunan Kofin Duniya, kowa ya yi tserensa, Ba'amurke da ɗan Kanada da ɗan Koriya duk suna ciki. Bayan an gama sai a fitar da sakamako biyu: na kowa da kowa, da wanda aka cire duk wanda ba ɗan Turai ba. Mutum na iya zuwa na uku a tseren, ya zama na ɗaya a nahiyarsa, a rataya masa zinare a ranar.

A gefe guda kuma akwai wata gasa daban mai suna Kofin Turai. Ita zagaye ce ta zanguna da yawa, ana tara maki, mataki ne na ƙasa da Kofin Duniya inda masu tasowa ke gogewa, kuma ƙofarta a buɗe take ga ɗan kowace nahiya. Irinta akwai a Arewacin Amurka, ta can ne ma su Seun Adigun suka bi suka cika sharuɗɗan zuwa Olamfik.

Abu biyu ke nan mabambanta, mu kuma mun saba da "gasar cin kofin" kaza ga komai. "Gasar zakarun Turai" kuwa ƙwallon ƙafa ta riga ta kama, duk wanda ya ji ta daren Talata da Laraba zai tuna.

Shawarata: wadda ake tara maki a bar mata kofi. Wadda ake naɗa gwanin nahiya a rana ɗaya, ya riƙe har shekara ta zagayo a nemi ƙwacewa, a ce kambu. Kambun Turai. Kalmar tamu ce, daga damtsen 'yan dambe ta fito, kuma masu labarin damben zamani sun riga sun hore ta: ya ci kambu, ya kare kambunsa, an ƙwace masa kambu.

12/
Don kada a ɗauka tsirfa ce kawai. A Janairun 2022 Simidele Adeagbo, wadda a lokacin ta koma jirgin tilo, ta zo ta ɗaya a wani zango na Kofin Turai a Winterberg. Nasara ce babba, ba a taɓa ganin ɗan Afirka ya ci tseren ƙasa da ƙasa a wannan wasa ba kafin ita. Amma idan mai fassara ya rubuta cewa ta zama zakarar Turai, ya faɗi abin da bai faru ba, kuma abin da ba zai yiwu ba, domin 'yar Najeriya ba ta cikin waɗanda ake lissafawa a kambun Turai ko da ta riga kowa isa. Da kofi da kambu a hannunmu, jimla ɗaya ta isa: ta ci zangon Kofin Turai. Ba a rage mata komai ba, ba a kuma ɗora mata abin da wani zai zo ya ƙaryata ba.

13/
Wani dattijo daga Damagaram ya rubuto cewa su a Nijar gwanin kokawa na ƙasa takobi ake ba shi, me zai hana a ce takobin Turai. Baba, Allah ya ƙara girma, na ji daɗin wannan ƙwarai. Takobin kokawa ya yi daidai da ma'anar da muke nema, domin ana cinsa a riƙe a dawo a kare shi. Abin da ya sa na tsaya a kambu shi ne takobin can takobi ne na gaske, ana miƙa shi a fili kowa na gani, don haka mai sauraro a Maraɗi ko Tawa zai zaci Turawan ma takobi suke bayarwa. Kambu kuwa ya riga ya saba da zama suna na matsayi ko babu abin ɗaurawa a hannu. Mu bar wa kokawa takobinta, darajarta ce.

14/
Mu gwada su a jimla, mu ji ko suna tafiya:

"Jamus ta sake lashe kambun Turai a jirgin ƙanƙara na mutum huɗu."

"Lizzy Yarnold ta Birtaniya ta ci zinaren rub-da-ciki a Olamfik sau biyu a jere, 2014 da 2018, alhali ƙasarta ba ta da hanyar ƙanƙara ko ɗaya, sai wurin koyon turi a garin Bath."

"Yun Sung-bin ya ci wa Koriya ta Kudu zinaren rub-da-ciki a gida a 2018."

Ban ji inda harshe ya yi tuntuɓe ba. Wanda ya ji ya nuna min wurin.

15/
Saura ɗaya da nake so mu yanke tare: sunan hanyar da ake gangarawa. A sama na yi ta cewa hanya don mu samu mu wuce, amma ba ta gamsar da ni ba. Abin rami ne mai bango dama da hagu, a kwana bangon ya tashi sama har jirgi ya hau shi a karkace. Ta St. Moritz, wadda aka buɗe a 1904, tsawonta mita 1,722, kwana 19, kuma ita kaɗai ta rage da ba siminti ba inji: duk farkon hunturu ma'aikata ke gina ta da dusar ƙanƙara da ruwa, da shebur a hannu, bazara ta zo ta narke. An ba ni kwararo, an ba ni magangara, an ba ni indararo. Indararo na ruwan rufin ɗaki ne, ya yi ƙanƙanta. Kwararo ya kama bangon nan biyu da ƙuncin wurin, magangara ta kama saukar. Ni na fi karkata ga kwararon ƙanƙara. Malamai da masu aikin rediyo, musamman na Sakkwato da Katsina da ƙetaren iyaka, idan akwai kalmar da ake faɗa a wajenku ga irin wannan ramin mai gangara, ku ajiye ta a ƙasa tare da jimlar da kuka taɓa jin ta a ciki.